Zaɓen babban tiren naɗa taba a gida: na ƙarfe, na gora, na roba ko na kasuwa

A Ingila da Jamus da Holan da Faransa, inda haraji ya sa kwalin sigari ya yi tsadar gaske, mashaya da yawa sun koma sayen yankakkiyar taba a cikin jaka suna naɗawa da hannunsu, kuma a nan ne tiren naɗi yake da amfani. A Ingila, tun daga shekarar 2017 doka ta hana sayar da jakar tabar naɗi da ta gaza giram 30, saboda haka duk wanda ya buɗe jaka a ɗakinsa yana riƙe da kayan kuɗi ne, ba zai so rabinsa ya ƙare a kan kafet ba. Aikin tire bai wuce ya tare abin da ya zube daga yatsu, ya tara shi wuri ɗaya, sannan ya bari a mayar da shi cikin jaka ba tare da asara ba. Da wannan ma'auni ya kamata a gwada kowane tire, domin mafi yawan abin da 'yan kasuwa suke ƙara wa kuɗi a kansa ba shi da alaƙa da wannan aiki.

Girma ne mutane suka fi yin kuskure a kansa, saboda abin da wani kamfani ya kira babba, wani kamfanin matsakaici yake ce masa. A wajen kamfanoni irin su RAW, ƙaramin tire yakan kai kimanin santimita 27 a tsawo da 17 a faɗi, babba kuwa kimanin 34 da 27, wato ya ɗan ɗara takardar A4, sannan akwai ƙato wanda tsawonsa yake kusan rabin mita. Idan aka lissafa abin da zai hau kansa, wato jakar taba a buɗe, kwalin takarda irin ta Rizla ko OCB ko Zig-Zag, ledar filta, laita, wataƙila da ɗan injin naɗi, za a ga cewa ƙaramin ya cika tun kafin hannu ya sami wurin motsi. Doguwar takarda takan kai kusan santimita 11, kuma tana buƙatar sarari hagu da dama don abin da zai faɗo daga bakinta. Mai santimita 34 ya wadaci mutum ɗaya, har ma biyu idan suna karɓa-karɓa. Ƙaton kuwa sai mai tebur na dindindin, domin ba ya zama a kan cinya, ba ya shiga durowa, kuma idan ƙarfensa siriri ne yakan lanƙwasa a tsakiya da zarar an ɗaga shi da hannu ɗaya. Wanda ya saba zama a kan tabarma ko darduma ya fi kowa buƙatar ya auna cinyarsa kafin ya saya.

Bayan girma sai baki da kusurwa, kuma a ganina nan ne ake rarrabe tire na ƙwarai da na banza. Bakin da ya tashi santimita biyu zuwa uku yana tare taba ba tare da ya tokare wuyan hannu ba. Idan ya wuce haka, naɗi yakan zama wahala, idan kuma bai kai ba, iskar fanka kaɗai ta isa ta kwashe ɓurɓushi. Kusurwa kuwa dole ta zama mai lanƙwasa, yadda za a sa gefen kati a share taba ta gangara wuri ɗaya. Tiren da aka haɗa gefunansa da ƙusa ko gam yana da saƙo a kowace kusurwa, kuma garin taba yana shiga nan ya maƙale, sai an bi shi da tsinke. Mai saye ya sa ɗan yatsa ya bi gefen ciki daga wannan kusurwa zuwa waccan: idan farce ya tsaya a wani wuri, taba ma za ta tsaya a wurin.

Tiren ƙarfe shi ne ya fi yawa a kasuwa, kuma ya cancanci hakan. Daga falle ɗaya ake matse shi, don haka ba shi da haɗi ko kaɗan, samansa sumul yake, ba ya riƙe wari, kuma tsumma mai ɗan danshi ya ishe shi tsabta. Aibinsa biyu ne. Na farko, idan fentin ya karce, danshin damina yana kawo tsatsa, musamman a ƙarƙashin naɗin bakinsa inda ruwa yake ɓoyewa bayan wanki, shi ya sa ya fi kyau a goge shi maimakon a jiƙa shi. Na biyu, mai arha yakan zo da ƙarfe marar kauri wanda yake yin ƙara idan an danna tsakiyarsa, ya lotsa sannan ya dawo da ƙarfi, ya watsar da abin da ke kansa. Na alminiyom ba ya tsatsa kuma ya fi sauƙin ɗauka, sai dai maganaɗisu ba ya kama shi, wanda ke nufin murfin maganaɗisu da ake sayarwa daban ba zai zauna a kansa ba. Wannan ƙaramin bambanci ne da masu talla ba su cika faɗa ba, kuma wanda yake son murfi ya tabbatar da shi kafin ya biya.

Na gora da na katako sun fi kyan gani, sun fi nauyi, kuma ba sa zamewa a kan tebur. Da yawansu suna zuwa da ramuka da aka fafe don ajiye laita da takarda da filta, abin da yake burge ido a hoto, amma kowane rami yana cinye filin naɗi ne, ta yadda tire mai faɗin santimita 30 zai iya barin fili da bai wuce tafin hannu biyu ba. Babbar matsalarsu ita ce yanayi. Tiren gora siraran yankuna ne da aka manna da gam, kuma wanda aka ƙera don ɗakin Turai, idan ya haɗu da bushewar hunturun Kano ko Damagaram, yana iya tsagewa a kan layin mannin, ko ya karkace ya daina zama daidai. Katakon da ba a shafe shi ba yana shan danshi da warin taba, wanda aka yi wa shafe mai kauri kuma yakan fara ɓarewa a hankali, ɓawon ya gauraya da abin da za a kunna wa wuta. Wanda ya nace sai katako ya nemi wanda aka sassaƙa daga gungume ɗaya, ya kuma yarda cewa zai riƙa shafa masa mai lokaci zuwa lokaci.

Na roba ba ya buƙatar dogon bayani. Yana da arha kuma ba ya tsatsa, amma a busasshen yanayi garin taba yana manne masa, sannan kan sigari ɗaya da aka manta a kansa ya isa ya bar tabo har abada. Na gilashi da na tangaran sun fi kowanne santsi da sauƙin wankewa, sai dai nauyinsu da saurin fashewarsu sun sa ba su dace da gidan da ake yawan ɗaga kaya ba. Masu fitila a baki da ake caji da waya kuwa, kuɗin batir da ado ake biya, domin ba su ƙara wa naɗi komai ba.

Akwai zaɓin da shagunan Turai ba za su ambata ba, wato tiren kicin na kasuwa. Tiren silba marar zane, irin wanda ake jera kofunan shayi a kansa, yana da kauri fiye da yawancin masu suna, ba ya tsatsa, kuma kuɗinsa bai kai nasu ba ko kusa. Sharaɗi kawai shi ne cikinsa ya zama shafaffe. Tiren tagulla na maƙeran Bida, da irin waɗanda ake samu a Kasuwar Kurmi, kayan ado ne masu daraja, amma zanen da aka buga a cikinsu da guduma tarko ne ga garin taba, don haka bango ko teburin baƙi ya fi dacewa da su. Mai zagaye kuma yana da wuyar zubarwa cikin jaka idan aka kwatanta da mai kusurwa huɗu, domin ba shi da wurin da taba za ta taru ta gangara. Tiren da aka ware wa taba kada ya sake komawa wajen abinci.

Zanen da ke jikin tire ma abin dubawa ne, ba don kyau kaɗai ba. Da yawa daga cikin waɗanda ake tallatawa a intanet suna ɗauke da hoton ganyen wiwi, saboda a wasu jihohin Amurka da ƙasar Kanada an halatta shi kuma masu ƙera kayan can suke kallo. A Nijeriya da Nijar haramun ne a doka, kuma wanda ya yi odar tire mai irin wannan hoto, ko ya sako shi a jakar tafiya, ya jawo wa kansa tambayoyin da tire marar zane ba zai jawo ba. Ga shi kuma hoton da ya cika launi yana ɓoye ɓurɓushin taba, alhali fari ko ruwan toka yana nuna kowane ƙwaya.

Batun murfi ya fi muhimmanci a gidan da akwai yara. Tabar naɗi ba ta fi sigarin kamfani sauƙin illa ba, kuma ɗanyen ganyenta guba ne ga ƙaramin yaro idan ya kai baki, saboda sinadarin nikotin da ke ciki. Murfin maganaɗisu yana hana ƙura da saurin bushewa, amma yaro ɗan shekara biyu zai ɗaga shi cikin sauƙi, saboda haka tiren da ya shiga durowa mai makulli ya fi ƙaton da dole a bar shi a fili. Wannan ma wani dalili ne da ya sa mai santimita 34 ya fi dacewa da yawancin gidaje. Wanda zai saya ta intanet ya karanta awon da aka rubuta da santimita ko inci, ya shimfiɗa takardar A4 a inda yake zama ya kwatanta, sannan ya tambayi mai sayarwa ko awon na ciki ne ko na waje, domin baki mai faɗi yakan cinye santimita uku zuwa huɗu daga filin da aka yi alkawari.