Shekara ɗaya da WooCommerce a shagona na Kwari

Atamfa da shadda da leshi nake sayarwa a Kantin Kwari. Da can duk cinikina na nesa a WhatsApp yake. In ɗauki hoto in tura, a yi ta tambayata "nawa ne wannan?" har sha biyun dare, wata ta zaɓi kayan da aka saye tun shekaranjiya. Da abin ya ishe ni sai na ce wa ƙanena, wanda ya karanci kwamfuta, ya buɗe mini shago a intanet. Ya zaɓi WooCommerce.

Manhajar buɗe shago ce da ake ɗorawa a kan WordPress, wato manhajar gina shafin intanet, kuma kyauta ce. Kamfanin Automattic ne ya saye ta a 2015. Amma dole ta samu wurin zama, wato saba, kwamfutar da za ta riƙe shagon dare da rana. A nan na yi kuskurena na farko, kuma laifina ne, don yaron ya gaya mini. Na ce ga tsohuwar kwamfuta nan a gida, me zai sa in biya haya duk wata? Muka kawo ta shago, muka ajiye ta a ƙasan kanta, bayan tarin shadda. Da an ɗauke wuta shagon intanet ya rufe. Ƙurar hunturu ta toshe fankarta, ta riƙa gurnani kamar injin markaɗe. Sati uku muka yi a haka, ya dube ni ya ce, "Yaya, mai saye daga Jos ba zai jira a kawo wuta a Kwari ba." Na haƙura.

Muka kama hayar ƙaramar saba ta wata-wata, ya sa mata Ubuntu, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, muka yi rajistar suna mai ƙarewa da .com.ng, wanda hukumar NiRA ke kula da shi. Ɗan makullin nan da ke fitowa kusa da adireshin shafi, mai nuna cewa bayanan mai saye a ɓoye suke tafiya, daga wata cibiya mai suna Let's Encrypt ya samo shi ba ko kwabo, kuma ya saita shi yana sabunta kansa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda manhajar ta dace da harkar yadi. Shadda ɗaya zan iya sa mata kala takwas, kowace da hotonta, mai saye ya zaɓi yadi biyar ko goma, kuɗin ya canza a gabansa. Atamfa kuwa turmi-turmi, yadi shida. Kuɗin aike ma na raba shi uku: cikin Kano daban, sauran jihohin Arewa daban, Kudu daban. Wannan kaɗai ya kashe rabin gardamar da nake yi a waya. Da wata ƙaramar manhaja, Loco Translate, muka mayar da wasu maɓallan Hausa, yanzu "Saka a kwando" ake gani, kuma mata da dama sun ce mini sun ji daɗin hakan.

Karɓar kuɗi ta Paystack muke yi, kamfanin da ke karɓar wa 'yan kasuwa kuɗi a intanet. Suna cire kashi 1.5 cikin ɗari da naira 100, kuma cajin ba ya wuce naira 2,000 komai yawan cinikin. Turmin naira 30,000 ke nan za a cire 550. Ban taɓa jin ciwon wannan ba, domin na huta da hoton alat na ƙarya. In ba a biya ba, oda ba ta nuna an biya.

Sai dai fa manhaja ba ta san abin da ke faruwa a kan kantar shago ba. Ana saura kwana huɗu ƙaramar Sallah wata Hajiya ta zo shago ta sayi turmin ƙarshe na wani zane mai ruwan goro, yarona ya karɓi kuɗi ya manta bai rage shi a intanet ba. Da daddare wata baiwar Allah daga Bauchi ta biya kuɗin wannan turmin, na ankon ƙanwarta. Da kaina na kira ta na ba ta haƙuri, na mayar mata da kuɗinta, kuma kunyar wannan kiran har yau ina jinta. Tun daga ranar, ba a naɗe kaya a leda sai an rage shi a waya.

Hotuna ma sai an kula. Na riƙa ɗora su yadda suka fito daga waya, shafin ya yi nauyi, mai ƙaramin data ya gaji ya fita. Da aka rage girmansu komai ya daidaita.

Wanda kayansa ba su fi kala goma ba, ina ganin WhatsApp ya ishe shi. Wanda kuma ba shi da mai duba masa saba, mai sabunta manhajoji da ajiye kwafin shagon a wani wuri daban, ya fara neman wannan mutumin kafin ya biya hayar komai. Ni dai ƙanena ne ke yi duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kuma na yanka masa albashi.