Babbar Fadar Bankok ko Bang Pa-In: ina za a kai yara?

Babbar Fadar Bankok, a babban birnin ƙasar Tailan, wadda Sarki Rama na 1 ya fara ginawa a 1782, ta fi ƙawa nesa ba kusa ba. Ado na ruwan zinari ko'ina, ga manyan gumakan dodanni masu gadin ƙofa da yara kan saki baki suna kallo. Matsalarta cunkoso da zafin rana; kafin azahar yaro ya gaji.

Bang Pa-In kuwa, fadar hutun sarakuna kusa da Ayutaya, tsohon babban birnin ƙasar, kimanin kilomita 60 arewa da Bankok, akwai sarari. Ga tafki da rumfar sarauta a tsakiyarsa, ga shuke-shuken da aka datse siffar giwaye, har ƙaramar motar lantarki ake haya. Mai ƙananan yara, can zan tura shi. Dukansu dai ba a shiga da gajeren wando.