Dashen turare da bagaruwa a gonar da kanwa ta ci: ra'ayinmu

A filayen noman rani irin na Kadawa da kwarin Haɗeja, ruwan ƙasa kan taso kusa da saiwa, ya bushe ya bar farin gishiri. Dashen itacen turare (eucalyptus) da ake sayarwa cikin leda a gandun reno yana aiki a nan, domin saiwarsa na zuƙe ruwa sosai. Amma a sani: ruwa yake ragewa, ba ya cire gishiri. Dole a haƙa magudana a wanke ƙasar.

A zaɓi dashe mai tsawon santimita 30 zuwa 45. Wanda ya daɗe a leda saiwarsa ta nannaɗe, iska kan kayar da shi daga baya, kuma masu sayarwa ba sa faɗa. A yi kunya mai tudun rabin mita a bakin gona, a dasa da tazarar mita 2. Wanda aka dasa cikin kwari ruɓewa yake. Gara ma na cinsa a shekarar farko.

Aibin turare, amfanin gonar da ke kusa da layinsa kan ƙanjame. Inda kanwa ta yi yawa, mun fi yarda da bagaruwa, ko da yake tana jinkirin girma.