Ɗan'uwa Ko Bare: Wa Za Ka Sayar Wa Gidanka a Kumasi?

A Zango magana ba ta kwana. Ranar da ka furta cewa za ka sayar da gida, kafin dillali ya kawo mutum na farko, wani cikin dangi ya riga ya yi sallama: "Kawu, na ji wata magana. Kada gidan nan ya fita hannunmu." Daga nan masu saye sun zama biyu, kuma kowanne da irin kuɗinsa.

Bare ba shi da wuyar sha'ani, don haka ba zan daɗe a kansa ba. Yana zuwa da dillali, ya leƙa ɗakuna, ya ƙwanƙwasa bango, ya taya, ka yi albarka, ya ƙara, ku daidaita. Dillali zai ɗauki la'adarsa, galibi kashi 5 cikin ɗari. Wahalar bare ita ce jira. Gidan haya mai ɗakuna da yawa a unguwannin Aboabo ko Asawase, da 'yan haya da suka biya kuɗin shekara biyu gaba, zai iya yin watanni ba a samu mai saye na gaske ba. Sannan lauyansa zai tone kowace takarda. Amma ranar da kuɗi suka shiga asusunka, kun rabu ke nan. Ko rufi ya yi yoyo da damina, ba za ku haɗu a wurin suna ya yi maka wani irin kallo ba.

Ɗan'uwa kuwa yana da abin da bare ba zai ba ka ba. Babu la'ada. Ya san inda ruwa ke kwanciya a tsakar gida, ya san wane ɗan haya ne mai taurin biya. In akwai tsohuwa a ɗakin ƙurya, ba zai fitar mata da kaya waje ba. Kai ma in ka zo wucewa za ka shiga ka yi alwala ba tare da neman izini ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ban ga laifin wanda ya rage farashi dominsa ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne biya kaɗan-kaɗan. Na ga wannan a gidanmu. Wani kawuna ya sayar wa ɗan ƙanensa gida a ƙarshen 2021, yaron ya ba da kashi ɗaya cikin uku, aka ce sauran "in Allah ya hore". Ba takarda, sai Fatiha da goro. A farkon 2022 dala ɗaya tana wajen sidi 6, kuɗin Ghana. Kafin ƙarshen Nuwamba ta haura 14, kuma hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disamba. Kuɗin da kawu ya yi lissafin zai gina ɗaki biyu da falo a filinsa na bayan gari, da suka gama shigowa ko linta ba su kai shi ba. Ina zaune wata rana bayan la'asar ya ce wa yaron, cikin sanyin murya, "Ɗana, siminti ya tashi." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ai mun riga mun yi magana." Gaskiya ya faɗa. Shi ma kawun gaskiya ya faɗa. Yau gaisuwarsu ba ta wuce ta masallaci.

Saboda haka in ɗan'uwa ba shi da kuɗin a dunƙule, ku rubuta ranar kowane biya, da abin da zai faru in ya saɓa, kuma takardun gida su zauna hannunka ko hannun lauya sai an cika. Wa'adin ya zama gajere. Wanda ya ce rubutu rashin yarda ne, a tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Farashi ma haka. Ka nemo mai kimanta gidaje ya faɗi abin da gidan zai yi a kasuwa tun kafin a zauna. In ya ce sidi 400,000 kai kuma ka ga za ka bar wa ɗan'uwa a 340,000, ka faɗa a gaban shaidu cewa 60,000 ɗin nan ka yafe ne don zumunci. Idan ba ka faɗa ba, shi zai ɗauka ya saya daidai kuɗinsa, 'ya'yanka kuma su ɗauka an yi wa tsohonsu wayo.

Hukuma dai ba ta san zumunci ba. Ko wa ya saya, hanyar ɗaya ce. Dokar filaye ta Ghana ta 2020 ta ce lauya ne zai rubuta takardar mallaka, wato indenca, sannan a kai ta Hukumar Filaye a buga mata hatimi a yi rajista. Kuɗin hatimi kashi 1 cikin ɗari ne ga dukiyar da ta haura sidi 50,000, kuma masu kimantawa na hukumar za su dubi darajar gidan da kansu, ragin da ka yi wa ɗan'uwa bai ɗaure su ba. Akwai kuma harajin riba da hukumar haraji ta ƙasa, GRA, ke karɓa daga mai sayarwa. Dokar dillancin gidaje, ita ma ta 2020, ta ce biya ya bi ta banki, ba tsabar kuɗi a jaka ba.

A Kumasi akwai ƙarin mataki. Yawancin ƙasar garin ta sarauta ce, abin da ke hannunmu haya ce ta shekaru, galibi 99 ga gidan zama. Abin da kake sayarwa shi ne shekarun da suka rage, kuma canja suna yana buƙatar amincewar masu ƙasa, har zuwa ofishin filaye na Asantehene, sarkin Asante, a fadarsa ta Manhyia. Gidaje da yawa a Zango har yau sunan kaka ne a takarda, wasu ma takardar rabon fili kawai gare su. Bare zai tilasta maka ka gyara wannan kafin ya biya. Ɗan'uwa zai ce "bari kawai, ai gida ne", sai matsalar ta jira jikoki. In kuma mai sayen ɗan'uwan nan ne da ke Jamus ko Amurka, ka tambaye shi ko har yanzu yana da zama ɗan ƙasa, don tsarin mulkin 1992 bai ba baƙo hayar ƙasa fiye da shekara 50 a lokaci guda ba.

Kafin duk wannan, tambayi kanka: gidan naka ne kai kaɗai? In a cikin aure aka same shi, sashe na 47 na dokar filaye yana buƙatar matarka ta amince a rubuce. Maza da yawa ba su san da wannan ba sai lauyan mai saye ya tambaya. In gidan gado ne da ba a raba ba, sai an karɓo takardar kula da gado daga kotu, kuma ba za ka sayar da rabon kowa ba sai naka. A nan ma fiƙihunmu na Malikiyya ya riga ya yi hukunci: abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufa'a, wato ya karɓi rabon da aka sayar wa bare a kan kuɗin da baren ya biya. Maƙwabci ba shi da wannan haƙƙi, haka ɗan'uwan da ba shi da rabo a gidan. Ka lura: a kan kuɗin da bare ya biya, ba a kan ragi ba.

Ni abin da nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni, ya dubi abin da zai yi da kuɗin. Mai neman kuɗin asibiti, ko biyan bashi, ko wanda gidan ne kaɗai jarin tsufansa, ya sayar wa mai biya a dunƙule, ko da bai taɓa ganinsa ba. Wanda yake da wani abin dogaro kuma yana son gidan ya zauna a dangi, ya ba ɗan'uwa. Kawai ya fara samo tayi na gaske daga waje, ya tara 'yan'uwa duka a zama ɗaya, har da mata, don kada wani ya ce an fifita ɗan ɗakin wance, ya faɗi kuɗin, ya ba su wata ɗaya ko biyu. Wanda ya shirya, ku tafi wurin lauya tare.