Keken tseren daji na farko: wanne ya kamata ka saya?

Wanda ya ƙuduri niyyar shiga tseren keke na cikin daji a karon farko, abin da ke fara ruɗa shi shi ne kekunan da yake gani ƙarƙashin zakaru a bidiyo. Tun da wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996, kekunan manyan 'yan tsere sai ƙara tsada suke yi, wasu har sun kai kuɗin mota. Tseren masu sha'awa bai bukaci wannan ba. Yawanci zagaye ne na 'yan kilomitoci da ake maimaitawa, hawa da gangara, dutse da yashi, na kamar awa ɗaya ko ɗaya da rabi. Abin nema shi ne keken da zai kai ka ƙarshe bai ajiye ka a hanya ba.

Zaɓin farko, kuma mafi cin kuɗi, shi ne na shokozoba. Akwai mai shokozoba a gaba kaɗai, akwai mai gaba da baya. Na biyun ya fi daɗi a kan duwatsu irin na tsaunukan Jos, domin tayar baya ba ta tsalle, ƙugu ma ba ya jin jiki. Shi ya sa yawancin ƙwararru suka koma kansa. Sai dai ya fi nauyi, ya fi tsada, ga boris-boris a gaɓoɓinsa da ƙurar hunturu ke cinyewa. Idan kuɗinka ƙidayayye ne, ɗauki mai gaba kaɗai. Kuɗin da za su saya maka mai biyu mai raunin kaya, su ne za su saya maka mai ɗaya mai nagartaccen birki da giya. Wanda zan ja kunnenka a kansa shi ne keken nan mai ƙaton sifirin a tsakiya da ake jerawa a bakin titi, mai sheƙi da lambobi kala-kala. Araha ba ta ado. Nauyi gare shi kamar buhun siminti, kuma duk tako ɗaya rabin ƙarfinka a lilo yake tafiya.

Shokozobar gaban ma iri biyu ce: ta sifirin da ta iska. Ta iska ake so, domin da ɗan famfo na musamman za ka daidaita ta da nauyin jikinka. Nutsewar milimita 100 zuwa 120 ta wadatar. Ka kuma sani tana da hidima: kamfanin RockShox ya ce a buɗe ƙasanta a sauya mai bayan kowace awa 50 ta hawa. Kafin ka biya, tambayi kanka wa zai yi maka wannan aikin a garinku.

Batun ƙafa ba ya bukatar dogon zance. Mai inci 29 ita ce ta tsere a yau, ta fi haye rami da dutse cikin sauƙi. Mai 27.5 ta fi dacewa da gajeren mutum. Mai 26 ta tsufa, fa'idarta ɗaya ce: tayarta da tif ɗinta suna ko'ina a kasuwa.

Firem kuwa, alminiyam ko kabon. Kabon ya fi sauƙin nauyi, amma bambancin bai taka kara ya karya ba ga mai koyo, kuma yana iya tsagewa ta ciki bayan faɗuwa fenti na nan lafiya lau. Kabon ɗan gwanjo da ba ka san tarihinsa ba caca ne. Alminiyam in ya ji ciwo, yawanci ido na gani.

A giya, kekunan yanzu faranti ɗaya ne a gaba mai haƙora 32 ko 34, da faranti 12 a baya. Kayan giya samfurin Shimano Deore ko SRAM NX sun isa tseren farko. XT da XTR, samfuran Shimano masu tsada, sun fi su sauƙin nauyi ne, ba wai za su hau maka tudu ba. Mai faranti biyu a gaba da 10 a baya ma ba laifi, sarƙarsa ta fi araha da sauƙin samu. Birki dai kada ka yi ciniki a kansa: na faifai mai aiki da mai, wanda yatsa ɗaya ke riƙewa. A doguwar gangara, lokacin da hannu ya gaji, nan za ka gane bambancinsa da na waya.

Inda na fi so ka zuba ido shi ne taya. A gasar Olamfik ta Paris a 2024, Tom Pidcock na Birtaniya ya yi faci yana kan gaba, makanikai suka sauya masa ƙafa, ya biyo baya ya ci zinare. Kai ba ka da mai jiran ka da ƙafa a gefen hanya. A dajinmu kuwa ga tsidau, ga ƙayar aduwa da ta bagaruwa, tif ba ya daɗewa. Maganin shi ne tayar da ba ta da tif, wadda ake ɗura wa farin ruwa mai kauri a ciki. Ƙaya ta huda, za ka ji ɗan tsss, ruwan ya feso kan firem, kafin taya ta juya sau biyu-uku ya toshe ramin, kai ko tsayawa ba ka yi ba. Tana kuma ba ka damar rage iska zuwa wajen psi 22 ko 25 a ma'aunin iskar taya, taya ta kama ƙasa a kwana maimakon ta zame. Aibinta shi ne zafi yana busar da ruwan da wuri, sai ana dubawa ana ƙarawa, musamman a watannin bazara. Don haka ka tabbata rim ɗin keken da za ka saya yana karɓar irin wannan taya, faɗinta inci 2.25 zuwa 2.4. Duk da haka, tif ɗaya da ƙaramin famfo su zauna a aljihun rigarka.

Sabo ko na hannu? Ɗan gwanjo mai kyau ya fi sabo maras inganci, in dai ka iya dubawa. Kifa keken ka bi bakin walda da ido, musamman wuya da gindin feda. Kalli sandunan shokozoba biyun nan masu sheƙi: in akwai ƙarzuwa ko mai na tsattsafowa, gyara na jiran ka. Matse birkin gaba ka jijjiga keken, in ka ji ƙwas-ƙwas a wuya boris ya tafi. Haƙoran faranti in sun yi tsini sun karkata gefe, sarƙa da faranti duk sai an sauya, ka cire kuɗinsu daga ciniki. Sannan ka hau. Keken da ya fi ƙarfin tsawonka, ko kyauta aka ba ka, ba na tsere ba ne.

Kada ka ƙarar da kuɗin duka a kan keke. Ba a barin kowa ya tsaya a layin farawa babu hular kwano, kuma hula kam sabuwa za ka saya, domin wadda ta taɓa bugun ƙasa ta gama aikinta ko da ba ta nuna ba. Feda mai maƙale takalmi tana taimakawa a hawa, amma sai ƙafa ta saba da zarewa. In tseren ya kusa, ka shiga da feda ta yau da kullum, ka bar waccan zuwa na gaba.