Ta Fetur, ta Gas, Haɗaka ko ta Lantarki: Wace Mota Za Ka Kai Ƙauye?

Da Baffa ya sayar da riɗinsa na bana, ya haɗa da kuɗin bijimai biyu da ya kai Maigatari ranar wata Alhamis, sai ya aiko a kira ni. Na tarar da shi a zaure da leda a gefen tabarma. Ya ce, "Ɗana, mota nake so. Wadda za ta ci kasuwar Gujungu da ta Maigatari, in kuma haihuwa ta zo wa wata da dare mu kai ta asibitin Ringim ba sai an je tashin wani ba. Yaran nan sun cika min kunne da wata mai caji kamar waya. Kai ka san mota, faɗa min gaskiya."

Na ce, "Baffa, a ba ni kwana biyu."

Ina son mota tun ina yaro. Ina cikin masu tsayawa a bakin kwalta su gane Peugeot 504 daga ƙarar salansarta tun kafin ta bayyana, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975. Har gobe musun mota ba ya ƙarewa a majalisarmu. Direbobi sun rantse da Toyota. Samari kuwa wayoyinsu cike suke da bidiyon Tesla da BYD suna tashi daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 cikin 'yan daƙiƙu, babu ƙara babu hayaƙi. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Sai dai wanda zai fitar da kuɗin noman shekara guda yana da tambayoyi uku da zai fara amsawa kafin ya kalli fenti: a ina motar za ta riƙa kwana, wa zai gyara ta in ta tsaya, kuma wace hanya za ta riƙa bi a watan Agusta.

Mu fara da ta fetur, tunda ita muka sani. Abin da ya sa Golf 3 da Sharon suka mamaye tashoshinmu ba kyau ba ne. Golf 3 ɗin nan Volkswagen ya daina yin ta tun ƙarshen shekarun 1990, amma duk makaniken da ke ƙarƙashin dalbejiya ya san cikinta kamar yunwar cikinsa, kuma babu abin da za ka nema a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ka rasa, daga kan fanfon mai har ƙafar gaba. Matsalarta tsufa. Yawancin waɗanda ke kasuwa yanzu an sauke injinsu ba sau ɗaya ba, an yi wa ƙasansu walda, an ƙara musu ƙarfe don su ɗauki buhuna. Arha ce a ranar saye, amma ka shirya kai wa gareji ziyara kusan duk sati.

Corolla ta 2003 zuwa 2008 ita ce wadda na fi yarda da ita a wannan sahu. Injinta mai lita 1.8 sarƙa yake amfani da ita ba bel ba, don haka babu fargabar bel ya tsinke a tsakiyar daji. Tana shan kamar lita 8 a kilomita 100 in an bi ta a hankali, kuma ranar da ka gaji da ita mai saye yana nan. Aibinta ƙasa-ƙasa ce. A burtali mai rairayi ko hanyar da amalanke ya yi wa kwari biyu, cikinta zai riƙa gogar ƙasa. Wasu suna ɗaga ta da roba a kan shokozoba, yana taimakawa, amma ba zai mai da ita Hilux ba. Ita Hilux kuwa, wadda Toyota ke yi tun 1968, ita ce sarauniyar hanyoyinmu, sai dai kuɗinta ya fi ƙarfin mai sayar da riɗi ɗaya.

Ga wani gargaɗi da na biya da aljihuna kafin na koya. Sababbin ƙananan motoci da yawa suna zuwa da giya mai suna CVT, wadda ba ta da haƙora na ɗaya da na biyu irin na da, bel ne na ƙarfe ke yawo tsakanin gargare biyu. Tana rage shan mai, amma tana da nata man na musamman. Wani yaron gareji ya taɓa zuba min man giya na gama-gari a tawa, da kyakkyawar niyya, bayan wata biyu motar ta fara kakkarwa a hawa. Giya sukutum na canja. In ba ka da makaniken da ya san bambancin, tsaya a kan tsohuwar otomatik ko giyar hannu.

Abin da ya sa ake wannan musu gaba ɗaya shi ne ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta taɓa 1,000. Mu a ƙauye ma ba farashin gidan mai muke saye ba, a hannun 'yan bumburutu muke saye, kwalba-kwalba, wani lokaci da gauraye. Daga nan ne mutane suka fara waige-waige.

Gas ɗin CNG shi ne amsar da gwamnatin tarayya ta fi turawa tun 2023. Ana ƙara wa motarka ta fetur tukunya da na'ura, sai ta riƙa aiki da duka biyun, in gas ya ƙare ka danna maɓalli ka koma fetur. Gas ya fi arha nesa ba kusa ba, wannan babu musu. Amma tukunyar tana cinye rabin but, kuma but shi ne abincin direban kasuwa. Sannan ina za ka cika? Gidajen gas a birane suke, su ma ƙalilan, kuma Arewa tana jiran bututun AKK mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta ta Kaduna zuwa Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa tun 2020. In kullum motarka tana shiga Kano kuma akwai gidan gas a kan hanyarka, yi lissafi, zai iya biyan ka. In tsakanin ƙauyuka take yawo, nauyi kawai ka ɗora mata. Don Allah kuma kada wani ya ruɗe ka da tukunyar da aka yi wa walda a bayan gari. Gas ɗin nan a matse yake sosai, ya ninka matsin tukunyar girki sau da yawa, kuma a Oktoban 2024 irin wannan tukunya ta fashe a wani gidan gas a birnin Benin na jihar Edo ta raunata mutane.

Haɗaka, wato mai inji da batir a tare, ita ce wadda mutanenmu suka fi yi wa gurguwar fahimta. Ba a jona ta da wuta. Fetur kake zuba mata, ita take cajin kanta daga inji da kuma duk lokacin da ka taka birki. Toyota ya fito da Prius a Japan tun 1997, saboda haka ba sabon abu ba ne, an gwada shi shekara da shekaru. A cikin gari, inda ake tsayawa ana tashi, tana iya shan kusan rabin man da takwararta ke sha. A doguwar kwalta ribar tana raguwa. Abin lura a wajenmu shi ne ƙura. Batirin yana bayan kujerar baya, wata 'yar fanka ce ke jawo iska daga cikin mota tana sanyaya shi. Hunturu ɗaya a hanyar jar ƙasa ya isa ya toshe ta, batir ya yi zafi, ya mutu kafin lokacinsa. Wanda zai saya ya nemi a jona mata kwamfuta a duba lafiyar batirin gida-gida kafin a yi ciniki, ya kuma san cewa mai gyaranta yana Kano, ba a kasuwar garinsu ba.

Sai kuma mai caji zalla, wadda ta sa Baffa ya kira ni. Ina sha'awarta, kuma ina da dalili. Babu baƙin mai, babu filogi, babu kulochi, babu salansa. Sassan da ke motsi a cikinta kaɗan ne. Injin lantarki yana ba da dukkan ƙarfinsa tun daga tsaye, shi ya sa take fizgar mutum a bidiyon samarin nan, kuma wannan ƙarfin na da amfani a hawa da kaya. Duniya ma can ta nufa. BYD, wanda ya fara a matsayin kamfanin batir a Shenzhen a 1995, ya daina ƙera mota mai fetur zalla tun 2022. Habasha ta hana shigo da motocin fetur da dizal na hawa a 2024. Mu ma ba a bar mu a baya ba: ɗan Sakkwato ne, Jelani Aliyu, ya zana Chevrolet Volt a Amurka, kuma a zamaninsa na shugabancin NADDC, hukumar da ke kula da ƙera motoci a Najeriya, aka fara haɗa Hyundai Kona mai lantarki a Legas, aka kafa tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya mai da ƙananan bas-bas masu fetur suka koma lantarki suna ɗaukar fasinja.

To ga lissafin da na zauna na yi wa Baffa a bayan takardar sayar da riɗi. Matsakaiciyar mota mai caji tana cin kamar yunit 17 na wuta a kilomita 100. Ko da farashin Band A na watan Afrilun 2024 aka ɗauka, naira 225 kowane yunit, kuɗin bai kai 4,000 ba. Corolla a wannan nisa, in lita tana 900, za ta ci 7,200. A takarda mai caji ta yi nasara. Amma 'yan Band A su ne aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, mu kuwa taransifomarmu takan yi wata a kwance. Soket na gida yana ba da kamar yunit 2 a awa, wato batir mai yunit 40 yana buƙatar awa 20 kafin ya cika. In ka ce janareta za ka tayar, ƙaramin janareta da wuya ya ba ka fiye da yunit 2 a lita ɗaya, sai ka ƙone lita 9 ko 10 don tafiyar da Corolla za ta yi da 8. An gudu ba a tsira ba.

Sola ce kaɗai ƙofar da ta rage, kuma rana Allah Ya hore mana ita. Faranti ɗaya mai wat 550 yana ba da kamar yunit biyu da rabi a wuni. Faranti 8 da inbata mai kyau za su ba ka kilomita 100 kowace rana. Sai dai rana da rana take fitowa, lokacin da motar haya take kan hanya. In da dare za ka yi caji, sai ka sayi wani batirin na ajiya, kuɗin ya ninka. Wannan tsari ya dace da malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da motarsa ke yini a ajiye, ko mai noman rani da ya riga ya mallaki farantan ban ruwa suna zaune ba aiki da damina. Bai dace da direban da zai fita da asuba ya dawo bayan isha'i ba.

Akwai kuma zafi da ruwa. A Afrilu da Mayu zafinmu yana haura digiri 40, kuma zafi ne babban makashin batir. Tsohuwar Nissan Leaf, wadda ta fito a 2010 kuma ita ce mafi arha a cikin na hannu, ba ta da ruwan sanyaya batir, har masu ita a jihar Arizona mai zafi ta Amurka sun koka da saurin raunin batirinsu tun 2012. In dole sai ka saya, nemi wadda ake sanyaya batirinta da ruwa, ka fifita batir irin LFP da ya fi jure zafi. Batirin a shimfiɗe yake a ƙarƙashin mota, daidai inda dutse da kututture ke duka, kuma duk wanda ya ga ambaliyar 2022 a Jigawa ya san yadda hanya ke komawa kogi. Golf in ta sha ruwa a kwance filogi a busar. Batirin da ya fashe kuwa babu mai taɓa shi a nan kusa.

Inda na ga lantarki zai fara zama a ƙauye shi ne babur da adaidaita sahu. Batirinsu ƙarami ne, faranti biyu ko uku sun ishe shi, tafiyarsu gajera ce, wasu ma ana ciro batirin a shiga da shi ɗaki. Saurayin da ke kai mutane daga gari zuwa bakin titi sau goma a rana shi ne zai fi kowa ganin ribar.

Da kwana biyun suka cika na koma zaure. Na ce, "Baffa, Corolla za mu nema, mai giyar hannu in an samu. Mu tafi da makanikenka, ba na dillali ba. A tayar da ita da sanyin safe mu ga hayaƙinta, a ɗaga kafet a duba laka ko tsatsa don gudun wadda ambaliya ta ci a ƙasar waje, a gwada lambar jikinta da ta takardun kwastan. Abin da ya rage a ledar nan kuma kada a taɓa shi, na taya huɗu ne da shokozoba."

Ya yi shiru yana jan carbi, sannan ya ce, "To ita mai cajin fa?"

Na ce, "Farantan nan shida na gonar rani suna nan a jingine a rumbu har Nuwamba. In Allah Ya kai mu kaka mai zuwa, mu saya wa autanka babur mai caji mu gwada da su, mu ga yadda batirin zai yi da bazara ɗaya."

Ya ce a shirya tafiya Kano ranar Asabar, a biya ta gareji a ɗauki makanike tun da asuba.