Kafin ka sayi kontirola mai fad: shawara ga DJ na Maradi

Duk mai riƙe da sono a bukukuwan Maradi ya san daƙiƙa biyu sun isa su zubar masa da girma. Amarya ta sako kai, mai gabatarwa ya ɗaga murya, ƙawaye sun jeru, shi kuwa DJ yana ta lalube da maus yana neman inda amshin waƙa ya fara. Wannan laluben ne maɓallan roban nan masu haske, wato fad, suke kawarwa. Aikinsu biyu ne. Na farko kiyu: ka sa alama a wani gurbi na waƙa, da ka taɓa fad sai waƙar ta tashi daga nan. Na biyu samful: guntun sauti da ka ajiye, guɗa ce, bugun kalangu ne, kirarin ango ne ko sunanka, ka jefa shi a kan waƙar da ke tafiya.

Matsalar ita ce a shago duk abin da ke da maɓallai masu walƙiya suna ɗaya ake ba shi, alhali ba aiki ɗaya suke yi ba.

Mu fara da kontirola, wato na'urar da DJ ke sarrafa waƙoƙin kwamfuta da ita, wadda ta haɗa komai: faifai biyu, mahaɗin sauti a tsakiya, fad a ƙarƙashin kowane faifai. A nan Pioneer DDJ-400 ta 2018 take, da wadda ta gaje ta, DDJ-FLX4 ta 2022, da Numark Mixtrack Pro FX. Kowacce fad takwas gare ta a kowane ɓangare. Babbar fa'idarsu ma ba fad ɗin ba ne, katin sauti ne da ke cikinsu. Da shi kake sauraron waƙa ta gaba a kunne kai kaɗai, yayin da jama'a ke jin wadda ke tafiya a bafil, kuma akwai ramin makirufo don mai gabatarwa. Daga kwamfuta suke shan wuta ta wayar USB, saboda haka idan aka ɗauke kuran tsakiyar biki, bafil ne kawai zai yi shiru. Kontirola da kwamfuta suna nan da ransu, da an tada gurup ka ci gaba daga inda ka tsaya. In kana da kuɗin na'ura ɗaya tak, to daga wannan sahun za ka zaɓa, ba na ko shakka. FLX4 ta fito a kan dalar Amurka 299, amma kafin ta iso hannunka ta bi ta sufuri da kwastan da ribar mai shago, kada ka je ciniki da wancan farashin a ka. Ka kuma tuna ramin fitar sautin DDJ-400 da FLX4 irin ja-da-farin nan ne na RCA, sai ka nemi wayar da ta dace da miksarka.

Akwai ƙanana masu sauƙin kuɗi, irin su Numark Party Mix da Hercules Inpulse 200, masu fad huɗu-huɗu. Don koyo a ɗaki ba su da laifi. Sai dai fad huɗu sun yi kaɗan ga mai biki, domin kullum kana sauya su tsakanin kiyu da samful, kuma a wajen sauyin nan ne ake danna guɗa a inda ake son amshi. DDJ-200 kuwa, ko da yake fad takwas-takwas gare ta kuma tana aiki da salula, ba ta da katin sauti. Da yawa sai sun isa gida suke gane haka.

Sai kuma allon fad zalla, babu faifai babu komai. Akai MPD218 na da fad 16 da rukuni uku, ke nan gurbi 48. Novation Launchpad na da 64, takwas sau takwas, kuma tun fitowarta a 2009 don manhajar Ableton Live aka yi ta. Waɗannan ba sa fitar da sauti ko kaɗan. Saƙo kawai suke aikawa kwamfuta ta harshen MIDI, kwamfuta ita ke kunna sautin. Ma'ana sai ka zauna ka koya wa manhaja cewa wannan fad na kiyu na ɗaya ne, wancan na guɗa ne, ɗaya bayan ɗaya. Mai haƙuri zai gama a yammaci guda, marar haƙuri zai jefa ta cikin akwati ya ce an cuce shi.

Akwai wani abu game da su da masu shago ke tallatawa a matsayin ƙari, wanda ga DJ na iya zama ciwon kai. Zuriyar Akai tun daga MPC60 ta 1988 don masu haɗa kiɗa aka yi su, shi ya sa fad ɗinsu ke jin ƙarfin bugu, ma'aunin yana hawa har 127. Ka taɓa a hankali sauti ya fito a hankali, ka doka ya fito da ƙarfi. Ga mai kwaikwayon kalangu da yatsu wannan daɗi ne. Amma a tsakiyar fili, ana liƙi, hannunka ɗaya na kan makirufo, so kake kirarin ango ya fito da ƙarfi ɗaya ko da gefen yatsa ka shafa. MPD218 na da maɓallin da aka rubuta wa Full Level, wanda ke mai da kowane bugu cikakke. Idan allon da ake nuna maka ba shi da irinsa, ka tabbatar manhajarka za ta iya kashe wannan jin bugun kafin ka biya.

A ganina allon fad zalla saye na biyu ne, na wanda ya riga ya mallaki kontirola kuma fad takwas suka yi masa kaɗan. Idan aljihu ya yarda, Pioneer DDJ-XP2 ta 2019 ita aka ƙera don wannan gurbin: fad 32, goma sha shida kowane ɓangare, masu launi daban-daban, tana tafiya da manhajojin DJ na rekordbox da Serato DJ Pro ba tare da zaman koyarwa ba. Launin nan ba ado ba ne. Ƙarfe goma na dare a ƙofar gida a unguwar Bagalam ko ta Zariya, fitila ɗaya ce a kan rumfa, kore na nufin shigar waƙa, ja na nufin amshi, ba sai ka duƙa kan allon kwamfuta ba.

Roland SP-404 daban take, domin ba ta buƙatar kwamfuta. Sautin na cikinta, tana ɗaukar katin SD, tana aiki da batir AA shida, kana soka ta a layi ɗaya na miksa. Nau'inta na SX fad 12 gare shi, na MKII na 2021 kuma 16. Ga mai zuwa biki ƙauyukan Madarunfa ko Gidan Rumji, ko mai shiri a gidan rediyo da ke son guntayen sauti a hannu, tana da amfani. Amma ba don kiyu aka ƙera ta ba, kuma ta fi FLX4 tsada.

Yanzu ga inda kuɗin mutane ke maƙalewa, wato manhaja. Yawancin masu sono a nan da VirtualDJ suka koyi aiki, kuma kyauta yake don amfanin gida muddin maus da allon rubutu kake amfani da su. Da ka soka kontirola ba tare da lasisi ba, minti goma zai ba ka ya katse ta. To lasisin nan kuɗi ne, kuma ta intanet ake biya, sai ka nemi mai katin banki. Serato DJ Lite da ke zuwa da Numark kyauta ne, amma kiyu huɗu kawai yake ba kowace waƙa, ko da fad takwas ne a gabanka. Sai ka sayi Pro kake samun takwas, da samful 32. Kuma Serato ba ya karɓar kowace na'ura, sai wadda kamfanin ya amince da ita, don haka MPD218 ita kaɗai ba za ta buɗe maka shi ba. DDJ-400 da FLX4 su kan buɗe rekordbox da kansu da zarar ka soka su, ba ƙarin ko dala, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa nake fifita su. Mixxx kyauta ne ɗungurungum, yana kuma barinka ka koya masa kowane allon fad, sai dai ba lallai ka samu abokin sana'a a kusa da zai warware maka idan ka maƙale ba. Ka fara yanke shawarar manhaja tukuna, sannan ka nemi na'urar da ke jituwa da ita. Wanda ya yi akasin haka kamar wanda ya sayi sirdi ne kafin ya ga dokin.

Idan ka taɓa fad ka ji sauti ya makara, kada ka yi saurin zargin na'urar. Galibi saitin katin sauti ne a kwamfuta. A Windows ka sa direban ASIO na na'urar in tana da shi, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa katin sauti da kwamfuta, ka rage jinkiri zuwa wajen milisakan 10 ko ƙasa, gwargwadon ƙarfin kwamfutarka. Bafil mai Bluetooth kuwa ka manta da shi, jinkirinsa ba ya gyaruwa.

Ko a nan babbar kasuwa za ka saya, ko ka bi ta Ɗan Isa da Jibiya ka gangara Katsina ko Sabon Garin Kano, ko wani ya taho maka da ta hannu daga Kwatano, kada ka yarda da gwajin da bai wuce a soka ta fitilu su kama ba. Ka je da kwamfutarka. Ka ce wa mai shago, "Alhaji, a yi mini haƙuri in zauna nan gefe in gwada." Kowane fad ka buga shi a tsakiya, sannan a kusurwoyi huɗu, domin fad da ya gaji daga kusurwa yake fara mutuwa. Ka saurara ko bugu ɗaya na fitar da sauti biyu. Ka ɗan girgiza wayar USB a raminta waƙa na tafiya, in ta yanke to ramin ya kwance, kuma a na'urar hannu nan ne ciwon ya fi yawa. Ka ja fedar tsakiya, wato abin jan da ke sauya sauti daga faifai zuwa faifai, a hankali ka ji ko tana ƙarar yashi, don ƙurar hunturu ta nan take shiga. Ka sa cajar kwamfuta ka cire, ka ji ko akwai gunji a bafil. Daga ƙarshe ka ware kuɗin jaka mai zif da wayar USB ta biyu, kuma in a Najeriya ka saya, a rubuta maka lambar jikin na'urar a kan rasit kafin ka kamo hanyar boda.